Motar Sanda Ba Ta Mutu Ba

Unguwar Dosa, Kaduna.
Lahadi, 11 ga Disamba, 1994.

Zuwa ga ƙanena Sulaiman,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina miƙo maka gaisuwa daga nan gida, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Safiya da yara baki ɗaya. Allah ya ƙara maka lafiya da buɗi, ya tsare ku a wannan ƙasa mai nisa, ya sa aikin koyarwar da kake yi a jami'a ya zama mai albarka. An ce yanzu ne sanyinku na Amurka yake kankama, irin wanda ruwa ke daskarewa a famfo. To a dinga rufe wa yara ƙirji da kunnuwa, kada ka tsaya lissafin kuɗin rigar sanyi kamar yadda ka saba.

Mu nan sai godiya. Inna tana lafiya, sai dai gwiwar nan tata da ke matsa mata, yanzu a zaune take sallar nafila. Kullum sai ta tambaya ko ka yi ƙiba ko har yanzu kana nan kamar sillen kara. Yaya Indo ma lafiya lau, tana can Kawo da jikokinta, ta ƙara buɗe sana'ar ƙuli-ƙuli. Ni kuwa na fita takaba a ƙarshen watan Oktoba, na koma makaranta, an mayar mini da azuzuwan lissafina. Gidan dai ya yi mana girma ni da Husaina tun rasuwar Sanda, har yanzu idan na ji an taɓa ƙofa da la'asar sai in zaci shi ne ya dawo daga ofis. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Na gode ƙwarai da tahowar da ka yi takanas don sadakar arba'in, ban manta ba kuma ba zan manta ba.

Wasiƙarka ta watan Oktoba ta iso. Shafi huɗu ce, na ƙirga, uku da rabi a kan mota, rabin shafi na gaisuwa. Ka jera lissafi layi-layi, ka ja layi a ƙasa, ka rubuta cewa motar Sanda rami ce, duk abin da aka zuba mata ya tafi ke nan, a sayar da ita tun tana da sauran mai saye. Da a gare ni kaɗai ka aiko da na ninke na ajiye a ƙarƙashin akwati. Amma ka aika wa Yaya Balarabe, wan Sanda, da irinta, shi kuwa yanzu a aljihun babbar rigarsa take kwana kamar laya. Duk wanda ya yi maganar motar sai ya zaro ta ya ce ga abin da Dakta ya rubuto daga ƙasar da aka san mota. Saboda wannan takarda taka ne ya samo dillali, kuma an tsayar da rabon gado sati guda kafin azumi. Abin da ya sa na zauna rubuta maka ke nan, kuma ina so ka karanta har ƙarshe kafin ka yi fushi.

Ba ka nan lokacin da aka sayi motar, don haka bari in gaya maka dalilinta, domin na lura ka ɗauka son girma ne ya ja Sanda. Ka san tagwayena, Hassan da Husaina, da ciwon sikila aka haife su. A daminar tamanin da takwas ciwon ya taso wa Hassan bayan azahar, yana riƙe ƙirji yana kasa numfashi. Sanda ya saɓa shi a kafaɗa muka fito bakin titi. Maƙwabcinmu mai mota ya yi tafiya. Tasi uku suka wuce cike da mutane, na huɗu ya ce shi Kasuwa za shi, ba zai juya ba. Har aka kira la'asar muna tsaye. Kwana biyu Hassan ya yi a asibiti ya cika, yana da shekara bakwai. Ban ce tasi ce ta kashe mini ɗa ba, kwanansa ne ya ƙare. Amma ranar da aka share makoki Sanda ya ce mini, in dai yana numfashi, ɗansa ba zai sake tsayawa a bakin titi yana jiran tausayin direba ba.

Shekara guda ya yi yana tara kuɗi. Sai wani Bature injiniya da suka yi aiki tare a ma'aikatar ruwa ya gama kwangilarsa zai koma gida, ya sa motarsa a kasuwa, babbar nan ƙirar Jamus, mai kujerun fata, ta riga ta yi shekara takwas a hannunsa. Manya ba su yi rububinta ba saboda ba fetur take sha ba, kuma tana da ƙara. Sanda kuwa abin da ya ja shi ke nan, domin rayuwarsa duka a kan injinan tura ruwa ya yi ta, ya san irin wannan inji ciki da waje. Yakan ce inji ne mai haƙuri, in ka ba shi mai tsabtatacce ka canja masa baƙin mai a kan lokaci, kai za ka gaji ka bar shi. 'Yan unguwa suka yi ta tsiya, wai ƙaramin ma'aikaci da motar kwamishina, suka laƙaba mata suna Injin Niƙa, wai idan ya tayar da ita da safe mata har fitowa suke da ƙwaryar dawa. Shi dai sai ya yi dariya. Shekara biyar tana hannunsa, Sulaiman, ba ta taɓa kwana a hanya ba. Sau nawa ta kai Husaina asibiti, ni kaina na daina ƙirgawa.

Yanzu mu zo kan ranar da ka ɗauke ta. Washegarin sadakar arba'in ne, ka ce za ka kai Yaya Indo Zariya ku gaida dangin Baba. Ina ɗaki ina takaba, na miƙo maka makulli, na ce man da ke ciki ba zai kai ku ba, kuma ka kula, gas kaɗai ake zuba mata. Ka tuna amsar da ka ba ni? Ka yi dariya ka ce yo da me za ka zuba mata in ba gas ba, kunun tsamiya? Na ji ka a waje kana ta murɗa makulli tana ƙin tashi, kana cewa wannan tun daga gida ma ta fara nuna hali. Lokacin ana tsakiyar wahalar mai, gidajen mai duk a rufe, ka tsaya wajen masu bumburutu a Kawo. Kuna wuce Jaji ta fara tari, ta yi farin hayaƙi, ta mutu. Ruwan sama ya sauko muku, kuka yi awa uku a gefen hanya kafin ku sami a-kori-kura ta jawo ku da igiya. Ka shigo gidan nan jiƙe sharkaf, takalminka na Amurka ya zama taɓo, ka tsaya a zaure gaban Yaya Balarabe da sauran baƙi ka ce wannan ba mota ba ce, gawa ce. Bayan kwana uku ka hau jirgi.

Yaya Balarabe ya kawo makanikinsa, wanda ke duba masa tasa ƙaramar motar. Ya buɗe gaba, ya leƙa, ya murɗa makulli sau biyu, ya goge hannu ya ce inji ya buga, sai dai a sayar wa 'yan Panteka masu tsofaffin kayan mota su yanka. Daga nan aka tura ta gindin mangwaro. Kusan wata uku ina kallonta ta taga, tayoyi suka sace, ganye ya rufe gilashi, kaji suka mayar da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. Ba ni da bakin magana, ina cikin takaba, kuma maza uku sun riga sun yanke hukunci. Amma raina bai taɓa kwanciya ba. Motar da mai ita ya je Kano ya dawo da ita sati biyu kafin ya kwanta ciwo, yaya za a yi ta mutu murus a fita guda?

Kwana biyu da fitata takaba na yafa mayafi na nufi Hayin Banki wajen Malam Ado. Ba ka san shi ba. Dattijo ne mai gyaran injektar manyan motoci da injinan ban ruwa, shi kaɗai Sanda yake bari ya taɓa masa mota. Da na faɗa masa ko ni wace ce sai ya ajiye abin da ke hannunsa, ya yi mini ta'aziyya har idonsa ya kawo ruwa, ya ce shi bai ji labarin lalacewar motar ba, da ya zo ko ba a kira shi ba. Da ya iso gida na zaci gaba zai buɗe kamar na farko. Ko kallon wurin bai yi ba. Ya zagaya baya ya buɗe murfin tanki, ya zura kara, ya zaro ya shinshina, ya murza a tsakanin yatsu. Sai na ji ya yi salati. Ya tambaye ni wane mara imani ne ya shayar da baiwar Allah fetur. Na rantse masa ba wanda ya zuba mata fetur, ƙanena ne ya ɗauke ta, kuma da bakina na gaya masa gas. Bai yi musu da ni ba. Ya tsiyayo kaɗan a murfin gwangwani, ya ajiye can tsakar gida, ya ƙyasta ashana ya jefa. Wuta ta tashi fuu. Ya ce in da gas ne zalla, ashanar ce za ta mutu a ciki.

A ranar na tafi Kawo wajen Yaya Indo. Ka san ta, ba ta san gaban mota da bayanta ba, amma kunnenta ba ya mantuwa. Ta ce ƙwarai kuwa, tana zaune a gidan gaba ka sauke gilashi ka ce wa mai bumburutu ya kawo fetur galan biyar, har kuka yi ciniki ka ce ya yi tsada. Ta ce ita ina ruwanta, ta ga Dakta ne da kansa. Na dawo gida ina ta juya abin a raina, yaya mutum zai ji gas ya je ya ce fetur. Sai na tuna wata tsohuwar wasiƙarka, na buɗe akwati na lalubo ta. Ga shi da rubutun hannunka, kana ba Sanda labarin sabuwar motarka, ka ce a can gas ya fi ruwan kwalba araha. Mu a lokacin mun ɗauka kai ma irin tamu ka saya, har Sanda yana cewa ashe ƙanen nawa ya san abu mai kyau. Na je na tambayi malamin Turancinmu, ya ce ai mutanen Amurka fetur suke kira gas. Sulaiman, na zauna a bakin gado na yi dariyar da rabona da ita tun Sanda na da rai, har Husaina ta leƙo ta ga ko lafiya. Daga baya kuma dariyar ta juye kuka.

To ka ji. A nan gida gas shi ne abin da tirela da injin niƙa suke sha, ko yaron goye ya san haka. Kai ka bar ƙasar nan shekara goma sha takwas da suka wuce, a kan keken Baba, ba ka taɓa sayen ko kwalbar mai ba, ka je ka koyi tuƙi a inda kalmar take nufin wani abu dabam. Harufan da ke bayan motar sun daɗe da zubewa, rubutun murfin tanki kuma da Jamusanci yake. Ni na faɗi gaskiya da Hausata, kai ka ji gaskiya da Turancinka, motar ce ta sha wuya a tsakani. Ban riƙe ka da komai ba, wallahi. Ni ma da na sani da na ce maka man tirela. Amma gawar da ka ce, kai ka kwantar da ita.

Kwana huɗu Malam Ado ya yi a kanta. Ya juye tankin kaf, ya wanke, ya canja filta biyu, ya je Panteka da kansa ya zaɓo nozil biyu masu fesa mai cikin inji, domin fetur ɗin ya ɗan taɓa na da. Batir ya riga ya mutu saboda zama, sai da na sayi sabo. Ya ce Allah ya taimake mu akwai ragowar gas a tankin da ya gauraya da naka, kuma ta mutu da wuri, shi ya sa injektar ta tsira. Ya kuma nuna mini abin da ya hana ta tashi a hannunka: idan an murɗa makulli rabi, akwai wata 'yar fitila da ke kamawa, sai an jira ta mutu tukuna, alamar inji ya ɗumama, sannan a tayar. Kai kuwa ka yi ta murɗa mata wuya ba ko sallama. Ranar da ta tashi, ta yi aman baƙin hayaƙi sau ɗaya, sannan ta kama wannan ƙara tata, kaf-kaf-kaf. Matan maƙwabta suka fito suna cewa Injin Niƙa ta farfaɗo. Ni ina jingine da bango ina saurarenta. Kuɗin adashina na wannan zagaye ya tafi a gyaran, kuma ban yi nadama ba.

Lissafinka kuwa na zauna na bi shi da jan biro, yadda nake yi wa 'yan aji uku. Ka ware kuɗin fulogi duk wata shida, da na kwantak, da na wankin kafireta. Ɗan'uwana, ba ta da ko ɗaya daga cikinsu. Ka yi wa wata mota lissafi, ba wannan ba. Ka kuma ninka shan manta, alhali tanki guda yakan kai Sanda kusan wata yana zuwa aiki. Amma ba zan yi maka ƙarya in ce kyauta ake riƙe ta ba. Baƙin man da take sha a canji ɗaya ya kusa ninka na ƙananan motoci, kuma ba ta yarda a wuce lokaci. Batirinta babba ne, kuɗinsa ma babba. Tayoyin baya sun kusa ƙarewa, ga lasisi da inshora a watan Maris. Kayan gyaranta tun da Naira ta faɗi sai dai na hannu, sabo ya fi ƙarfin malamar makaranta. Neman gas ɗin ma aiki ne, sai ka shiga layi tsakanin manyan motoci a Mando, kuma in ba ka yi hankali ba a sayar maka da wanda aka tsarma da kananzir ko ruwa. Sanda da farin ƙyalle yake tacewa kafin ya zuba, ni ma na ɗinka nawa. Duk na auna wannan da albashina, na ga zan iya in na daina wasu abubuwa, kuma na riga na daina su. Abin da babu a takardarka shi ne tsayuwa a bakin titi da yaro a kafaɗa. Ban san a wane layi masana tattalin arziki suke rubuta wannan ba.

Za ka ce to wa zai tuƙa. Ni. Malama Rabi, abokiyar aikina da ke da 'yar ƙaramar mota, ita take koya mini a filin ƙwallon makaranta duk Asabar da kuma bayan an tashi. Sitiyarin yana da nauyi, hancin motar kuma dogo ne, sai na ɗora matashi kafin in hango gabana. Na kashe ta ya fi sau talatin, na taka tulun mai gadi, na kusa shiga da ita ɗakin girki na makaranta. Ribas har yau bai zauna mini ba. Wasu a unguwa suna cewa mace daga fita takaba sai tuƙa motar manya, ko ba kunya. Da Inna ta ji sai ta ce a gaya musu kunyar ta zo ta kai yarinya asibiti.

Na sa Malam Ado ya tuƙa mu har Malali gidan Yaya Balarabe, don ya gani da idonsa. Ya fito, ya zagaya ta, ya saurari injin. Na durƙusa na kwashe labarin fetur na gaya masa. Kada ka ɗauka mugun mutum ne, ko yana kwaɗayin abin ɗan'uwansa. Da yake Sanda bai bar ɗa namiji ba, shi da ƙannensa suna da rabo a gadon, amma ba wannan ne damuwarsa ba. Ya ce shi ne waliyyin Husaina, shi Allah zai tambaya idan dukiyar marainiya ta ƙare a garejin makanikai. Ya ce makaniki ba ya taɓa cewa a sayar da mota, domin a nan abincinsa yake. Ya ce motar da ta mutu a Jaji za ta iya mutuwa da yarinya mara lafiya a ciki, gara a sayar a ajiye mata kuɗin. Maganar fetur kuwa, ya ce shi ba zai yarda mutum mai digiri uku bai san bambancin fetur da gas ba, sai in ya ji daga bakin mai digirin. Na ce to a yi haka. A gaban limamin unguwarsu muka tsayar da magana: idan ka rubuto da hannunka ka janye abin da ka faɗa kafin ranar rabo, za a yi wa motar kuɗi na gaskiya, na mai lafiya, a sa ta cikin rabona da na Husaina, ni kuma in bar musu filin da Sanda ya bari a Rigasa. Idan takarda ba ta zo ba, dillali ya zo da igiyarsa. Na ce ko ta waya ka yi masa bayani, ya ce a'a, takarda ce ta kashe ta, takarda ce za ta tashe ta.

Ban so in tayar maka da hankali tun a farkon wasiƙa ba, shi ya sa na bar wannan sai yanzu. Ranar Alhamis ɗin nan da ta wuce ciwon Husaina ya tashi. Ka san a makarantarmu take, aji biyu. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ina kan allo aka zo aka ce in zo. Na tarar da ita a ƙasa ta dunƙule, tana riƙe ƙirji da baya, leɓenta ya canja launi, daidai yadda na ga Hassan. A satin ne na fara zuwa aiki da motar, ta cikin unguwa kawai, ban taɓa hawa babban titi ba. Malama Rabi ba ta zo ba ranar. Malamai suka ɗauko ta suka shimfiɗa a kujerar baya, wani yana cewa a nemo tasi. Na ce ba za a nemo ba. Na shiga na murɗa makulli rabi, na zauna ina kallon 'yar fitilar nan, yarinya tana nishi a bayana. Ban taɓa jira mai tsawo irin wannan ba. Tana mutuwa na tayar, ta tashi bugu ɗaya. A giya biyu na tafi tun daga ƙofar makaranta har asibiti, hannu ɗaya a kan hon, masu bas suna zagina, ni ina ta salati. Da na isa na tsayar da ita a karkace a bakin ƙofa na tare hanya, sai wani direba ne ya gyara mini ita daga baya. Aka sa mata ruwa da allurai, aka ƙara mata jini. Likita ya ce mun zo a kan lokaci. Jiya aka sallame mu, yanzu haka tana kwance a falo tana shan kunu.

Saboda haka ga abin da nake nema a wurinka, kuma ba kuɗi ba ne, kada ka aiko da ko sisi. Ka ɗauki biro ka rubuta wa Yaya Balarabe da Hausa, ba da Turanci ba, cewa fetur ka zuba wa motar bisa kuskure, kuma ka janye maganar sayarwa. Layi uku ya isa. Na san abin da nauyi. Na san za a yi ta ba da labarin a zaure har jikokinka su ji, kuma Yaya Indo ta riga ta fara. Amma ni na goya ka, na san kai ba mai danne gaskiya ba ne don gudun dariya. Na ba da wannan wasiƙa ta hannun wani ma'aikacin banki da zai taso Amurka jibi, zai jefa maka ita a akwatin gidan waya idan ya sauka. Zai dawo tsakiyar Janairu, lambar wayar masaukinsa tana bayan ambulan. Ka ba shi amsar ya riƙo, kada ka biyo da ita ta gidan waya, lokaci ba zai kai ba.

Ka gaida Safiya da kyau, ka ce na gode da turamen da ta aiko, na ga saƙo. Ka shafa mini kan Yusha'u da Kaltume, a dinga yi musu Hausa a gida don Allah, ka ga dai abin da rashinta ya jawo. Inna tana sa maka albarka, ta ce a turo mata hoto na kwanan nan. Yaya Indo tana gaisuwa, Malam Ado ma ya ce a gaida Dakta, wai ba komai, kowa da fanninsa.

Husaina ma tana gaishe ka. Shekaranjiya a asibiti, da zafin ya lafa, ta kama hannuna ta tambaye ni wai da gaske ne za a sayar da motar Babanta kafin azumi, ta ji ana faɗa. Ta ce in an sayar, ranar da ciwon ya sake tashi da me za mu zo. Shekararta goma sha uku, Sulaiman, kuma ta san abin da ya sami ɗan'uwanta. Na dube ta na ce ba za a sayar ba. Na riga na faɗa mata. Kada ka mayar da ni maƙaryaciya a wurin yarinyar nan.

Wassalam. Ni ce yayarka,
Saratu.